Janfalan: Tsofaffi na ƙaruwa, gandun da ke riƙe su na watsewa

A duk inda aka kafa teburin rajista a ƙauyukan Ikara, na katin ɗan ƙasa ne ko na zaɓe ko na wani tallafi, akwai tambaya guda da ke tsayar da layi: "Baba, shekarunka nawa?" Matashi zai faɗi rana da wata da shekara ya wuce abinsa. Dattijo kuwa sai ya gyara tsayuwa, ya dogara da sanda, ya shiga lissafi. Wani zai ce yana kiwon awaki aka kashe Sardauna. Wani ya ce da sabon kuɗi aka biya sadakin uwargidansa. Tsohuwa ta ce tana goyon ɗanta na fari aka kashe Murtala. Ma'aikacin, wanda sau da yawa bai wuce sa'an jikansu ba, sai ya dubi furfura, ya yi kirdado, ya rubuta 1 ga Janairu, ya ɗora shekarar da ta zo masa a rai.

Akan yi dariya a wurin, amma ranar da aka rubuta a teburin nan ita za ta bi mutum banki da asibiti da hukumar alhazai, ita ce kuma za ta yanke ko ya cancanci duk wani abu da aka ce na tsofaffi ne. A Janfalan, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ikara, da maƙwabtanta na Maƙarfi da Kudan, akasarin waɗanda suka haura 60 a ɗaki aka haife su, a hannun ungozoma, babu wanda ya rubuta. A 1992 aka yi wata doka da ta wajabta rajistar haihuwa a faɗin Najeriya, lokacin su kansu sun riga sun zama iyaye.

Su ne mutanen da suka tsallake agana da ƙyanda da sanƙarau suka kai ga furfura, da yawan da ƙauyukan nan ba su taɓa gani ba. Sun kuma iso tsufan ne a daidai lokacin da gandu, wanda iyayensu suka jingina nasu tsufan da shi, ya kusa zama labari.

Kalandar da ba a rataye ta a bango

Wanda aka haifa a Janfalan a 1950 bai bar ƙofar gidansa ba, amma hukumomi nawa suka shuɗe a kansa. An haife shi a Lardin Zazzau na Jihar Arewa, zamanin Sarki Ja'afaru, Bature na mulki. Yana ɗan shekara 9 Sarki Aminu ya hau, yana 10 aka samu 'yancin kai. A 1967 ya wayi gari a Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka ce sunanta Kaduna, a shekarar ce kuma ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. A 1987 aka cire Katsina. A da, sunan sarki kaɗai ya isa a gane tsaran mutum, amma Sarki Shehu Idris ya rikita wannan ma'auni: daga 1975 zuwa rasuwarsa a Satumbar 2020 shekara 45 ke nan, don haka akwai gidajen da uba da ɗa da jika duk "zamanin Shehu" aka haife su.

Sai aka koma ga manyan abubuwan da suka girgiza kowa. Kisan Sardauna a 15 ga Janairun 1966. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Canjin hannu a Afrilun 1972, da motoci suka koma dama. Farin 1973. Cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, wadda daga ita noman gyaɗar sayarwa bai sake komawa yadda yake ba a Arewa. Makarantar UPE a 1976, da aka riƙa tattara yara ana auna su da ɗora hannu ta saman kai a taɓo kunne. Wannan kalanda tana aiki, amma tana da tarko. Idan tsoho ya ce "shekarar canjin kuɗi", dole a tambaye shi wanne: na 1973 da naira da kwabo suka kori fam da sule, ko na Buhari a 1984? Tsakaninsu shekara 11 ce, kuma shekara 11 ta isa ta mayar da ɗan 72 ɗan 61 a takarda. Ga shi an ƙara na uku a 2023.

Akwai kuma wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. Mai ƙirga shekarunsa da azumin da ya yi yana bin shekarar Hijira ne, wadda ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka. Duk shekara 33 ta bature, shekara 34 ce ta wata. Ɗan 70 a katin ɗan ƙasa ya haura 72 a lissafin liman, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Sarki Shehu Idris da aka ce ya rasu yana da 84, a lissafin Hijira ya kai 87.

Masana ƙidaya sun daɗe da sanin cewa inda ba a rubuta haihuwa, shekaru kan taru a lambobin da suka ƙare da sifili ko biyar. 'Yan 60 da 'yan 70 su yi yawa, 'yan 61 da 'yan 69 su yi ƙaranci, kamar ba a haihuwa a waɗancan shekarun. Daga nan ne ake samun labaran da kan zagaya a Facebook na tsoho mai shekara 130 a ƙauye kaza. Mutum mafi tsawon rai da aka tabbatar da takardunsa a duniya ita ce Jeanne Calment ta Faransa, wadda ta rasu a 1997 tana da 122. Wani mai bincike, Saul Newman, ya nuna cewa ko a Amurka da Turai, wuraren da aka fi iƙirarin masu haura 110 su ne wuraren da rajistar haihuwa ta fi rauni. Tsohon da ya ce ya kai 100 a ƙauye ba yaudara yake yi ba. Ya binne duk waɗanda za su iya gyara masa lissafin ne.

Me ake nufi da shekara 54?

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa jaririn da aka haifa a Najeriya a 1960 ana sa ran ya yi shekara 37 zuwa 38 a duniya. Yanzu adadin ya kai kusan 54. An samu ci gaba, amma har yanzu Najeriya na sahun ƙarshe, domin matsakaicin na duniya ya kai 73.

Mutane da yawa kan fahimci wannan a karkace, su ɗauka cewa a da mutum na kaiwa 38 sai ya mutu. Ba haka ba ne. A ɗauki yara 10 a misali. Idan 3 suka mutu suna da shekara 2, sauran 7 suka kai 65, matsakaicin zai tsaya a 46. Idan ɗaya kaɗai ya mutu yana ƙarami, matsakaicin zai haura 58, alhali babu tsoho ko ɗaya da aka ƙara wa kwana. Yawancin ƙarin da Najeriya ta samu daga nan ya fito, daga yaran da suka daina mutuwa. Kuma aikin bai ƙare ba: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kaiwa shekara 5, kuma adadin Arewa maso Yamma ya fi haka.

Tsofaffi dai akwai su tun tale-tale. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, an haife ta wajen 1877, ta ga harin bayi, ta ga zuwan Turawa, ta rasu a 1951 tana da fiye da 70. Abin da ya canza shi ne yawan waɗanda ke kaiwa inda ta kai.

Shaidar tana jikin dattawan yankin. Wasu na ɗauke da zanzana a fuska, alamar sun yi agana sun tashi. Waɗanda suka biyo bayansu kaɗan kuwa tabon lamba ne a dantse, daga gangamin rigakafin da aka yi a Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1960. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Najeriya, a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kawar da ita a doron ƙasa. Sanƙarau bai tafi da sauƙi haka ba: annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000, akasari a Arewa.

Idan aka dubi kaso, tsofaffi ba su da yawa. 'Yan 60 zuwa sama kusan kashi 5 cikin 100 ne na 'yan Najeriya, saboda haihuwa na da yawa. A Japan, 'yan 65 zuwa sama sun kusa kashi 30. Wannan ƙanƙantar kaso ita ke sa masu tsara kasafi su kau da kai. Amma kashi 5 na mutum fiye da miliyan 220 ya haura miliyan 10, wato ya fi al'ummar wasu ƙasashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2050 'yan 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kuma kashi biyu cikin uku za su kasance a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Faransa ta samu kusan shekara 150 tana shiri kafin tsofaffinta su tashi daga kashi 10 zuwa 20. Brazil da Indiya da Chaina shekara 20 da 'yan kai kawai ke gare su.

Fanshon manomi

Ma'aikacin gwamnati na ajiye aiki a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki. Dokar 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65. Manomin masara da rake da tumatir kuwa babu ranar da aka yanka masa. Ranar da gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa a kan kunya, ranar ce ritayarsa.

Amma ba a bar shi haka kawai ba a da. Gandu shi ne fanshonsa, kuma yarjejeniya ce mai sharuɗɗa, ko da ba a rubuce take ba. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar gida tare a ƙarƙashin uba, daga safe zuwa azahar. Da yamma, da kuma ranakun da aka ware, kowa ya tafi gayaunarsa, abin da ya samu nasa ne. Shi kuma uba ya ciyar da kowa daga rumbu ɗaya, ya samar da iri da fartanya, ya biya wa kowa haraji, ya yi wa kowane ɗa auren fari, ya ɗauki nauyin suna. Yayin da ƙarfinsa ke raguwa, sai aikinsa ya koma na ido da baki: wace gona za a fara, yaushe za a buɗe rumbu, dami nawa za a sayar. Yana iya shekara 10 bai riƙe hauya ba, amma tuwonsa bai taɓa yankewa ba, domin gona tasa ce kuma mabuɗin rumbu na hannunsa.

Masu bincike sun hango tsagewar bangon tun da wuri. M. G. Smith ya rubuta a kan tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau a 1955. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya bi gidajen manoma a Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka ta kan hanyar Zariya zuwa Kano, kuma tun a lokacin gidajen da ke noma a matsayin iyali guda, miji da matansa da ƙananan yara, sun riga sun yi yawa. Polly Hill ta ga irin haka a Batagarawa kusa da Katsina. Abin da ya biyo baya sai ya ƙara faɗaɗa tsagar.

A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu, amma ɗaya daga cikin igiyoyin da suka ɗaure ɗa da ubansa ta tsinke ke nan. Boko ta ɗauke yara daga gona da safe, daidai lokacin aikin gandu. Noma ya koma na kuɗi: takin zamani, maganin feshi, irin masara na kamfani, man injin ban ruwa. Uban da ba zai iya sayen buhun taki ba, da wane baki zai ce ɗansa mai mata biyu ya zo ya yi masa aiki har azahar? Saurayi ya gano cewa da babur ɗin acaɓa, ko ci-rani a Abuja da Legas da Fatakwal, ko dakon tumatir zuwa Kudu, zai iya haɗa lefensa da kansa. Wanda ya yi wa kansa aure kuwa ba ya jin gandu na binsa bashi.

Sai kuma ƙasa. Yaran da suka daina mutuwa sun girma, kowa na da haƙƙi a gado. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta ga 'ya'ya 8, kowannensu kuma yana da nasa 8 ɗin da ke jira. Nan ne tsawon rai ya zo da wani kaifi da ba a cika faɗa a fili ba: uban da ya kai 80 yana riƙe da gona, ɗansa na fari ya kai 55 bai mallaki ko kunya ɗaya da sunansa ba. Wasu iyayen kan raba gonakin tun suna raye don a zauna lafiya. Wanda ya yi haka ya huta da rigima, amma ya miƙa mabuɗin da ke sa a saurare shi. Daga ranar, cinsa ya koma kan tausayi da tarbiyya.

Kada a yi wa 'ya'yan rashin adalci. Mafi yawansu suna yi. Kwanon tuwo na fita daga ɗakin kowace suruka zuwa ɗakin tsoho, ana turo kuɗi ta waya a cira a wurin mai POS, ana ɗinka kayan sallah. Kai iyaye gidan gajiyayyu abin kunya ne da ba a ko tunaninsa a ƙauye. Sai dai gandu wajibi ne mai lokaci da ma'auni, aike kuwa sai an samu. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, ɗan acaɓan da ke turo wani abu duk mako yana fama da kansa. A watannin ƙarancin takardun naira na farkon shekarar, tsofaffin da ba su da asusu, ba su iya taransifa ba, su suka fi kowa shan wuya, har da masu hatsi a rumbu da suka rasa mai saye da kuɗi a hannu.

Ɗakin tsohuwa

Tsufan mace daban yake. Da yake akan aurar da ita ga wanda ya girme ta da shekara 10 ko fiye, yawanci ita ke yin takaba. Rabonta a gado tumuni ne idan mamacin ya bar 'ya'ya, kuma idan su huɗu ne, tumunin nan guda za su raba. Don haka ainihin dogaronta ɗa namiji ne da zai ba ta ɗaki a gidansa. Wadda ta haifi mata zalla, ko ba ta haihu ba, sai ta koma gidan ɗan'uwa, ko ta yi auren ɗauki-sandanka ta zauna a inda take.

Al'ada ta tanadi wata dabara a nan, wato riƙo. Baba ta Karo ba ta taɓa haihuwa ba, amma 'ya'yan riƙo suka kewaye ta har ƙarshen rayuwarta. Har gobe akan tura jika ya zauna da kaka, ya ɗebo ruwa, ya kai niƙa, ya kwana a ɗakinta. Ita ta kira shi maigida, ta kira 'yar'uwarsa kishiya, a yi ta tsokana. A cikin wasan nan ne tatsuniya da tarihin dangi ke wucewa daga baki zuwa kunne, duk da cewa yanzu waya ta karɓe rabin hirar dare.

Abin da ya fi raguwa shi ne sana'arta. Kaɗi, wanda tsohuwa kan yi tana zaune ta sayar da zare ga masaƙa, ya mutu tare da saƙar gida. Injin ya karɓe daka da surfe. Dunƙulen kanti ya rage wa daddawa kasuwa. Ungozoma ma ana ta jan mata zuwa asibiti, kuma don lafiyar uwa da jariri hakan ya fi. Abin da ya saura shi ne koko da ƙosai, ƙuli-ƙuli, saƙar faifai, kiwon akuya ɗaya ko biyu, da zubin adashi. Akuyar nan ita ce bankinta, ita ake kaiwa kasuwar Ikara ko ta Maƙarfi ranar da ciwo ya tashi.

Ciwon da ba ya kisa yau, ba ya kuma warkewa

An gina asibitocin karkara ne don zazzaɓi da gudawa da awon ciki da rigakafi, ciwon da ake sha wa magani kwana uku a tashi. Jihar Kaduna ta ɗauki tsarin cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa cikin 255 da take da su, akwai manyan asibitoci a Ikara da Maƙarfi, ga kwalejin koyar da ma'aikatan lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi. Amma ciwon tsufa na wata da watanni ne. Bincike-bincike da dama sun nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Maganinsa kullum ne har ƙarshen rai. Abin da aka saba gani shi ne a saya na mako biyu a kemis, a ji sauƙi, a daina. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fitowa, magidanci kan tsaya tsakanin ƙwayar hawan jinin mahaifiyarsa da allurar zazzaɓin ɗansa, kuma sau da yawa tsohuwar da kanta ke cewa a kai yaron.

Idan jinya ta yi tsawo, nauyinta kan mace yake sauka. Suruka ko 'ya ko jika ce ke juya mai shanyewar jiki, ta wanke shi, ta ba shi kunu a baki, wani lokaci shekara uku ko huɗu. Babu mai ƙirga wannan a matsayin aiki, kuma yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da kaka ba ta shiga kowane lissafi.

Makanta ce abin da ya fi ban takaici, domin ita ce mafi sauƙin gyara. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce kan gaba wajen jawo ta, kuma fiye da kashi 80 na makantar ana iya kauce mata ko a warkar. Aikin yanar ido bai kai awa guda ba. Ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin koyarwa na Shika. Amma tsohon da ya ɗauka cewa dushewar gani rabon tsufa ne ba zai nemi a kai shi ba, wani kuma sai ya faɗa hannun masu kwantar da yana da tsinke a gargajiyance, abin da kan ƙarasa idon. Duk tsohon da ya makance, akwai yaron da ya zama ɗan jagora.

Gigin tsufa kuwa ko sunan cuta ba a cika ba shi ba. Tsohuwa ta manta sunan ɗanta, ta fita da dare tana neman gidan da aka rushe shekara 40 da suka wuce, sai a ce aljanu ne, a wasu wuraren ma a jefe ta da maita. Likitoci sun san shi a matsayin ciwon ƙwaƙwalwa, amma masu ƙwarewa a lafiyar tsofaffi 'yan ƙalilan ne a ƙasar. Cibiyar farko ta irin wannan sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan.

Doka a Abuja, tsoho a zaure

A takarda ba a yi zaune ba. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, kuma a shekarar Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa. Jihar Kaduna na da hukumar inshorarta, KADCHMA. A 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin fansho don masu sana'ar hannu.

Matsalar ita ce kusan duk tsarin fanshon Najeriya, tun daga dokar 2004, na wanda ya tara ne. Wanda ya shekara 50 yana noma bai taɓa karɓar albashi ba, ba shi da abin da zai tara, kuma ɗan 70 ya wuce lokacin fara zubi. Abin da ke isa ga irinsa shi ne fanshon da ba a zuba komai, ana ba mutum don shekarunsa kawai. Ba baƙon abu ba ne a Afirka. Lesotho ta fara biyan duk ɗan 70 tun 2004, Zanzibar ta bi a 2016, Kenya a 2018. A cikin gida, Jihar Ekiti ta fara ba 'yan 65 zuwa sama marasa galihu naira 5,000 a wata a 2011. Lesotho ba ta fi Najeriya arziki ba. Zaɓi ne aka yi.

Amma ko da gobe aka ce za a fara biyan duk ɗan 70 a Janfalan, sai an koma teburin nan na rajista. Wanda aka rage wa shekara 11 saboda an ɗauki canjin kuɗin 1973 a matsayin na 1984 zai jira har ya kai 81. Wanda ya rage shekarunsa da kansa a takardar rantsuwar kotu don neman aiki zai tarar da ita tana jiransa. Gyaran ranar haihuwa a katin ɗan ƙasa kuwa kuɗi ne da zirga-zirga, ga wanda hawa babur ma sai an riƙe shi.

Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce. Ta samu mutum fiye da 190,000 a Ikara, kusan 146,000 a Maƙarfi, kusan 139,000 a Kudan. Wadda aka shirya yi a Mayun 2023 an ɗage ta. Waɗanda aka rubuta a matsayin 'yan 60 a waccan ƙidayar, wanda ke raye a cikinsu yanzu yana bakin 80, jariran da aka ƙirga a goye kuma sun isa aure.